Idan Allurar Gejin Mai Ta Daina Faɗin Gaskiya: Neman Inda Cutar Take a Tsohuwar A-kori-kura

Tun da aka gina madatsar ruwa ta Watari a ƙasar Bagwai, tsakanin shekarar 1977 da 1980, noma bai ƙara tsayawa da ɗaukewar damina ba a wannan yanki na arewacin Jihar Kano. Da rani akan sami tumatir da albasa da masara da alkama, ga kuma shinkafa, kuma dole ne duk wannan amfani ya bar gona ya isa kasuwa, ko dai Bichi, ko Dawanau, ko kasuwar 'Yan Kaba a cikin birnin Kano. Wani kaso mai yawa na wannan kaya a bayan tsofaffin motocin a-kori-kura yake tafiya. Daga cikinsu akwai Peugeot 404 da 504, watau Fijo, irin waɗanda kamfanin PAN ya riƙa harhaɗawa a Kaduna bayan buɗe masana'antarsa a 1975, akwai kuma tsofaffin Toyota da Datsun. Da yawansu sun girmi direbobin da ke tuƙa su.

Wanda duk ya taɓa zama a gaban irin wannan mota zai lura da abu guda, shi ne allurar da ke nuna yawan mai ba safai take aiki ba. Wani lokaci tana kwance a kan alamar babu ko da an cika tanki, wani lokaci tana manne da alamar cika tun bara, wani lokaci kuma rawa take yi kamar ganyen da iska ke kaɗawa. Direbobi sun saba da haka har sun daina ɗaukarsa a matsayin lalacewa. Amma sabo ba ya hana asara. Tumatirin da aka tsinka da yamma aka loda da asuba ba ya jiran mota, domin ko bayan an raba shi da uwarsa yana ci gaba da numfashi, yana kuma fitar da iskar etilin wadda ke gaggauta nunarsa, zafin rana kuwa yana ƙara wa wannan aiki sauri. Idan mai ya ƙare a tsakanin ƙauyuka, kafin yaron mota ya sami mai babur ya je ya dawo da galan daga wajen 'yan bumburutu, kwandunan ƙasa sun fara zubar da ruwa. Ga kuma tsadar man kansa. Bayan da aka janye tallafin fetur a watan Mayu na 2023, kuɗin lita ya ninka fiye da sau biyu cikin 'yan kwanaki, kuma kafin ƙarshen 2024 ya haura naira 1,000 a wurare da dama. Mai motar da bai san abin da ke cikin tankinsa ba, ba zai san ko riba yake ci ba, ba zai kuma gane ba idan ana zuƙe masa mai da dare.

Abin da aka fi yi idan an tashi gyara shi ne a tafi Ƙofar Ruwa a sayo wani gejin a sa. Sau da yawa kuɗin yakan tafi a banza, saboda allurar da ake zargi ita ce mafi ƙarancin laifi a cikin al'amarin.

Saƙo daga tanki zuwa idon direba

Hanya mafi sauƙi ta fahimtar wannan na'ura ita ce a kwatanta ta da yadda jikin ɗan Adam yake jin taɓi. Idan ƙaya ta soki tafin ƙafa, abubuwa uku ne suke aiki. Akwai ƙananan gaɓoɓin ji a cikin fata waɗanda ke karɓar sukar, akwai jijiya mai ɗaukar saƙon ta bi da shi ta laka, sa'an nan akwai ƙwaƙwalwa wadda ke fassara shi. Ƙwaƙwalwa ba ta ganin ƙaya, abin da jijiya ta kawo mata kawai ta sani. Shi ya sa idan mutum ya bugi gwiwar hannunsa a wani wuri na musamman yakan ji zir a ƙaramin yatsa, alhali babu abin da ya taɓa yatsan. Jijiyar ce aka dama a tsakiyar hanya, ƙwaƙwalwa kuwa ta ɗauka daga yatsa saƙon ya fito. Haka kuma a cutar kuturta, ƙwayar cutar takan lalata jijiyoyin hannu da ƙafa, sai mutum ya ƙone bai ji ba, ko da yake ƙwaƙwalwarsa lafiya lau take.

Gejin mai ma haka yake. Gaɓarsa ta ji tana cikin tanki, jijiyarsa waya ce da ta bi ƙarƙashin mota, allurar da ke gaban direba kuwa ita ce mai fassara.

Abin da ke cikin tanki wata 'yar gora ce ta tagulla ko ta roba, wadda aka ɗaure a bakin wani siririn hannu na ƙarfe. Masunta sun san wannan ilimi tun kafin zuwan mota, domin gorar da suke hawa a kan ruwa da ƙa'ida ɗaya suke aiki, wadda Arkimidis mutumin Girka ya bayyana fiye da shekara 2,200 da suka wuce, cewa ruwa yana tura abin da aka tsoma a cikinsa sama da ƙarfin da ya yi daidai da nauyin ruwan da abin ya ture. Sai dai fetur bai kai ruwa nauyi ba. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, ta fetur kuwa kimanin kashi uku cikin huɗu na kilo. Saboda haka gorar da ke cikin fetur ba ta da rarar ƙarfin iyo mai yawa, ɗan man da ya shige ta kaɗan ya isa ya nutsar da ita.

Idan gorar ta hau ko ta sauka, ɗaya bakin hannun yakan goga wani ɗan harshe a kan siririyar wayar da aka nannaɗe. Wannan waya tana yi wa wutar lantarki turjiya, watau tana rage mata gudu, kuma ana auna turjiyar da ma'aunin da ake kira om, don tunawa da Georg Ohm, Bajamushen da ya wallafa ƙa'idarta a 1827. Ƙa'idar ta ce idan ƙarfin batir bai sauya ba, gwargwadon ƙaruwar turjiya gwargwadon raguwar wutar da ke wucewa. Wurin da harshen ya tsaya shi ke ƙayyade tsawon wayar da wuta za ta ratsa. Da haka ake mayar da zurfin mai ya zama yawan wuta.

Akwai wani abu a nan da akan manta, kuma daga gare shi yawancin matsalar take fitowa. Wutar lantarki ba ta tafiya sai tana da hanyar komawa. A tsofaffin motoci da yawa waya ɗaya tak ce take zuwa tanki, komawar kuwa ta jikin tankin ne, daga nan ta shiga ƙarfen jikin mota, ta koma batir. Ke nan kowane noti da kowace mahaɗa da ke tsakanin tanki da jikin mota wani yanki ne na jijiyar. Motar da ta yi shekara 30 tana ratsa taɓo da damina, tana shan ƙura da rani, tana kuma ɗaukar buhunan takin zamani wanda ke cin ƙarfe, ba abin mamaki ba ne tsatsa ta shiga waɗannan mahaɗai.

Ita allurar kuwa iri biyu ce. A iri na farko akwai wani ɗan falle da aka yi da ƙarafa biyu manne da juna, waɗanda zafi ba ya buɗa su daidai wa daida. Wuta tana ɗumama fallen, yana lanƙwashewa, yana jan allura. Irin wannan geji a hankali yake tashi idan an murɗa makulli, kuma galibi yana tare da wata 'yar na'ura mai daidaita ƙarfin wuta a bayan allon. A iri na biyu akwai naɗin waya guda biyu da ke zama maganaɗisu idan wuta ta bi su, kowanne yana jan allura wajensa. Wannan nan take yake tashi. Kallon yadda allura ke motsi idan an murɗa makulli ya isa ya nuna wane iri ne a motar.

Gwajin da ke raba laifi biyu

Likita mai hankali ba ya fara da yanka. Kafin a kwance komai, sai a dubi sauran alluran da ke gaban direba. Idan ta zafin inji ma ta mutu tare da ta mai, ko kuwa dukansu biyu suna nuna fiye da kima, to laifin yana wurin da suka yi tarayya, watau fis ɗin da ke ba su wuta, ko na'urar daidaita wuta, ko hanyar komawar wuta ta allon kansa. Wannan dubawa ba ta cin ko kwabo.

Idan ta mai ce kaɗai, sai a nufi tanki a nemo wayar da ke shiga kansa. A wasu motocin ana iya kai hannu ta ƙarƙashi, a wasu sai an ɗaga wani murfi a dandamalin baya. A zare wayar, a murɗa makulli ba tare da an tayar da inji ba, wani ya zauna yana kallon allura. Ya kamata ta tafi ƙarshe ɗaya. Daga nan sai a haɗa bakin wayar da wani wuri mai tsabta a ƙarfen jikin mota, nesa da bakin tanki. Ya kamata allurar ta juya ta nufi ɗaya ƙarshen. Idan gejin mai falle ne, kada a bar haɗin ya wuce 'yan daƙiƙu, da an ga allura ta kama hanya sai a raba, don kada zafi ya ƙona shi.

Idan allura ta yi wannan tafiya daga ƙarshe zuwa ƙarshe, to ita da wayar sun kuɓuta, cutar tana cikin tanki ko a hanyar komawa. Idan ba ta motsa ba, sai a maimaita gwajin a bayan gejin kansa. In ta motsa a can, waya ce ta yanke a tsakani. In ta ƙi, bayan an tabbatar wuta tana isa gare ta, a nan ne kawai ya dace a yi maganar sayen wani geji. Da gwaji biyu an raba hanyar gida uku.

Mai karatu zai lura ba a ce wane ƙarshe allura za ta nufa ba. Dalili shi ne masu ƙera motoci ba su haɗu a kan tsari ɗaya ba. Akwai tsarin da turjiyarsa take om 240 idan tanki ba kome, ta sauko 33 idan ya cika. Tsofaffin motocin Ford na Amurka sun yi amfani da 73 zuwa 10. A waɗannan biyu, haɗa waya da jikin mota yakan kai allura alamar cika. Amma motocin General Motors na shekaru da yawa sun bi akasin haka, daga 0 idan ba kome zuwa 90 idan ya cika, haka kuma akwai tsarin Turai na 10 zuwa 180. A nan yankewar waya ce ke kai allura alamar cika. Wannan bambanci ya sa maganar da akan ji a gareji, cewa allurar da ta manne a sama alamar waya ce ta taɓa ƙarfe, gaskiya ce a wata mota, kuskure ce a wata. Shi ne kuma ya sa idan aka ɗauko kayan tankin wata mota aka sa wa wata don kawai ramukan notinsu sun dace, akan sami allurar da ke sauka idan an sha mai, ta hau idan yana ƙarewa.

Tsatsa ita ce ta fi wuyar kamawa, domin ba ta kashe geji, ƙarya take sa shi. A ɗauka tsatsa ta ƙara om 50 a hanyar komawa. A tsarin 240 zuwa 33, cikakken tanki zai aika da 83, sai allura ta tsaya tsakanin rabi da kashi uku cikin huɗu, direba ya yi ta zargin gidan mai da tauye mudu. A tsarin 0 zuwa 90 abin ya fi muni, saboda tankin da babu ko ɗigo a cikinsa zai aika da 50, allura ta nuna fiye da rabi, mota kuwa ta mutu a hanya. Gano wannan ba shi da wuya. A sami guntuwar waya a haɗa murfin da ke riƙe da kayan gorar kai tsaye da ƙarfen jikin mota inda aka goge da samfefa. Idan allura ta gyara zama, an gano cutar, kuma maganinta shi ne a bar wayar a wurin a ɗaure ta da kyau.

Game da yankewar waya kuwa, motar da ke dakon hatsi tana da wani abokin gaba na daban. Haƙoran gaba na ɓera ba sa daina tsiro muddin yana raye, don haka ba ya rabuwa da gaigayar abu mai tauri. Motar da ke kwana kusa da rumbu, ga tsabar dawa da masara a kowane lungu na bayanta, gida ce gare shi. Allurar da ke tsalle idan an faɗa rami ta kuma koma daidai a kan kwalta, yawanci waya ce da aka ci rigarta ko mahaɗar da ta saki.

Idan ya zama dole a buɗe tanki

A nan ne gyaran geji yake iya zama sanadin rasa rai, don haka ya cancanci a tsaya a kansa. Ruwan fetur ba shi ke kamawa da wuta ba, tururinsa ne, kuma yana fitar da tururin da zai iya kamawa ko da a sanyin da ya kai digiri 40 ƙasa da sifiri, balle a zafin watan Afrilu a Kano. Tururin yana kamawa ne idan yawansa a cikin iska yana tsakanin kimanin kashi 1.4 da 7.6 cikin ɗari. A cikin rufaffen tanki ya wuce wannan iyaka nesa, iskar da wuta ke buƙata ta yi kaɗan, shi ya sa harshen nan yake goga waya a ciki shekara da shekaru ba a sami gobara ba. Da zarar an buɗe, iska ta shiga, sai lissafin ya sauya. Tankin da aka juye mansa ya fi cikakke haɗari ta wannan fuska, abin da masu walda da yawa suka sani ta hanya mai ɗaci. Bugu da ƙari, tururin ya fi iska nauyi sau uku ko huɗu, yana bin ƙasa yana taruwa a rami, yana iya kaiwa ga murhun mai shayi da ke can gefe.

Saboda haka kafin a taɓa noti ɗaya sai a cire kan batir, a fara da wanda ke haɗe da jikin mota. A yi aikin a fili, ba sigari, ba fitilar aci-bal-bal, ba a kuma bugun murfin da ƙarfen da zai ba da tartsatsi. Zuƙo mai da baki ta tiyo, wanda ya zama ruwan dare, yana da nasa haɗarin. Ɗan kaɗan da ya kuskure ya shiga huhu yana iya haddasa kumburi mai tsanani, ga kuma sinadarin benzin da ke cikin fetur wanda aka tabbatar yana jawo sankarar jini.

Idan an fito da kayan, a fara girgiza gorar kusa da kunne. In an ji motsin ruwa a ciki, ta huje. Sa'an nan a sa mitar masu wayarin a kan ma'aunin om, a ɗaga hannun a hankali daga ƙasa zuwa sama. Lambar ta riƙa sauyawa sannu a hankali ba tare da tsalle ba. Wurin da ta ɓace ko ta yi tsalle, nan wayar ta cinye. Akwai abin lura a nan. Motar da kullum lita 10 ko 15 ake zuba mata, harshen a wuri ɗaya yake ta gogawa, kusa da ƙasa, kuma nan ne ke fara cinyewa, daidai inda direba ya fi buƙatar gaskiya.

Abin da ake tararwa a gindin tsohon tanki shi ma abin nazari ne. Tankin da ba a cika shi yakan shaƙi iska mai laima, da dare laimar ta zama ɗigon ruwa, ruwan ya nutse ƙarƙashin mai ya fara cin ƙarfe. Gurɓataccen mai yana ƙara ta'azzara abin. A watan Fabrairu na 2022 hukumomi sun tabbatar an shigo da fetur mai yawan sinadarin metanol cikin Nijeriya, shi kuwa metanol yana jan ruwa, yana kuma lalata wasu nau'o'in roba. A motocin dizal har rayuwa ake samu a wurin. A iyakar da ruwa ya haɗu da mai, wasu bakteriya da wata funfuna da masana ke kira Hormoconis resinae suna cin man a matsayin abinci, suna barin wani baƙin kauri mai yauƙi da ke toshe matatar mai, yana kuma iya riƙe hannun gora. Wannan funfuna ta daɗe tana damun masu kula da tankunan jiragen sama.

Ko bayan an gyara komai, allura zurfi take aunawa, ba lita ba. Tanki ba akwati ne mai kusurwa huɗu daidai ba, yana da lanƙwasa da kumburi, don haka rabin allura ba lalle ne ya zama rabin mai ba. Motar da aka loda wa buhuna ta duƙa baya, ko aka tsayar a gangaren bakin fadama, za ta nuna abin da ya bambanta da na kan daidaitacciyar ƙasa. Zafi ma yana da ɗan tasiri, domin fetur yana ƙaruwa da kimanin kashi ɗaya cikin dubu a kowane digiri, watau lita 50 na iya ƙaruwa da kusan lita ɗaya tsakanin sanyin asuba da zafin azahar in bambancin ya kai digiri 20.

Hanyar sanin harshen allurar kowace mota ita ce a auna ta sau ɗaya. A tsayar da mota a wuri mai daidai bayan an mayar da kayan cikin tankin da aka juye, a riƙa zuba lita biyar biyar da ma'aunin da aka amince da shi, ana jira allura ta tsaya, ana rubuta inda ta kai, a liƙa takardar a gaban direba. Idan aka ga allura ba ta sauka kan alamar babu sai tanki ya bushe ƙaf, ana iya ɗan lanƙwasa hannun gorar ta yadda za ta nuna babu alhali da sauran lita biyar ko shida a ciki.